Yadda Ake Haɗa Atin A Bututun Waya Da Akwatunan Ƙarfe, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu aikin wayarin da masu gine-gine a Abuja: an kafa rodin atin (sandar ƙarfen da ake kafawa don wutar da ta kuɓuce ta bi ta shige ƙasa), an zuba masa gishiri da gawayi, amma jikin fanel ko bututun ƙarfe na jan mutum, bireka kuma ba ta faɗuwa. Yawanci ba a ramin atin matsalar take ba. Tana wuraren haɗi ne: inda bututu ya shiga akwati, inda aka ɗaure noti a kan fenti, inda aka sa bututu mai lanƙwasa ba a bi shi da waya ba. Hanyar atin kamar igiyar guga take, ko'ina ta tsinke, gugan na cikin rijiya. Saboda haka wannan jagorar ta fi daɗewa a kan mahaɗai fiye da kan rodi.

Awon da ke ƙasa na wutar 230V da 400V ne, bisa tsarin Ingila na BS 7671 da aka saba bi a Nijeriya. Dokar gida ita ce NESIS ta 2015, hukumar NEMSA kuma ita ke duba aiki da ba masu wayarin shaida. Idan zanen injiniya ya nemi abin da ya fi wanda ke nan, zanen za a bi.

1. Kashe wuta ta kowace hanya

Gini a Abuja ba safai yake da hanyar wuta ɗaya ba. Kashe ta kamfanin raba wuta na AEDC, kashe janareto, kashe inbata, raba wayar sola daga inbatan. Sa kwaɗo a cenjoba ko ka cire fis ka sa a aljihu, don kada maigadi ya tayar da janareto kana tsakiyar aiki.

Gargaɗi: testa mai ɗan ƙwai ba ta isa shaida ba. Yi amfani da mita mai baki biyu. Gwada ta a inda ka san akwai wuta, gwada wurin aikin tsakanin layif da nutural, layif da atin, nutural da atin, sannan ka sake gwada mitar a inda ke da wuta don ka tabbatar ba mutuwa ta yi a hannunka ba.

2. Tara kaya, ka ƙirga su tun kafin zuwa kasuwa

Na aiki: zarto, bayis, dayis na 20mm da 25mm, zagayayyen magagari, diril, sifanar bush, abin matse log (bakin ƙarfen da ake matsewa a ƙarshen waya don a ɗaure ta da bolti), sanfefa, guduma babba, mitar auna ƙaramar tirjiya, da mitar gwada rodi.

Na haɗi: kofula (guntun bututu mai tiredi da ke haɗa bututu biyu), bush na tagulla (ɗan zobe mai tiredi na bakin bututu) namiji da tamace, lokinot (siririn notin kullewa), wosha mai haƙora, log na jan ƙarfe, bolti M6 na tagulla da notinsa, gilan (abin da ke kama bakin kebul a jikin akwati), zoben atin na gilan wanda ake kira banjo, kilam na fayif, kilam na rodi, saƙaƙƙiyar wayar ƙofar fanel, waya kore-da-rawaya, fenti mai zink, da basilin ko giris.

Lissafin kuɗi daga ƙirga yake farawa. Duk inda bututu ya shiga akwati, ka rubuta kofula ɗaya, bush ɗaya, wosha ɗaya. Duk akwatin soket, guntuwar waya ta kamar santimita 15. Duk kebul mai sulke, gilan biyu, banjo biyu, log biyu. A ce ofis ne mai akwati 20, kowanne da mashiga biyu: kofula 40 ke nan, bush 40, wosha 40, ban da na DB, wato akwatin bireka da ke raba wuta ga layuka. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda waɗanda za su ɓace ko tiredinsu ya lalace. Kai wannan takardar Dei-Dei ko Gudu ka ji farashin ranar a shago biyu ko uku, domin kuɗin jan ƙarfe na tafiya da dala. Abin da ke cin kuɗi shi ne waya mai kauri, rodi da RCD (na'urar da ke katse wuta in ta ga tana yoyo). Bush da wosha su ne mafi araha a takardar, kuma abin mamaki su aka fi yankewa in an ce a rage.

Gargaɗi wajen saye: kankare bakin waya ka gani. In cikin fari ne, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, ajiye ta. Bush na tagulla na gaske maganaɗisu ba ya kama shi. Rodi mai kyau ƙarfe ne a ciki, don haka maganaɗisu zai kama shi, amma rufin jan ƙarfensa yana da kauri wajen milimita 0.25. Wanda magagari ya goge jan da shafa biyu, ado ne kawai.

3. Zaɓi kaurin wayar atin

Ƙa'ida mai sauƙi, in duk jan ƙarfe ne: idan wayar layif ba ta wuce 16mm² ba, ta atin ta zama daidai da ita. Daga sama da 16 zuwa 35mm², a sa 16mm². Sama da 35mm², rabin ta layif. Wayar atin da ke tafiya ita kaɗai, ba cikin kebul ba, kada ta gaza 2.5mm² in tana da kariya kamar bututu, ko 4mm² in a fili take.

Doka ta yarda bututun ƙarfe mai ƙarfi ya zama shi ne hanyar atin da kansa, muddin duk mahaɗansa lafiya suke. Duk da haka shawarata ita ce a ja waya kore-da-rawaya a cikinsa, sannan a haɗe bututun da ita. Gini na daɗewa, hannuwa da yawa na taɓa shi, wani zai zo ya yanke mita biyu na ƙarfe ya maye da roba bai gaya wa kowa ba.

4. Yanka bututu da yi masa tiredi

Kama bututun a bayis, yanke shi a miƙe. Goge bakin ta ciki da magagari har yatsa ya daina jin kaifi, domin wannan kaifin ne ke yanka rigar waya lokacin ja, shi ne kuma farkon yawancin wutar da ke hawa jikin bututu. Sa ɗan mai, juya dayis gaba, ka riƙa komowa baya kaɗan don ɓarɓashi ya zube. Tsawon tiredi ya zama rabin kofula, ta yadda bakunan bututu biyu za su haɗu a tsakiyarta. Goge man kafin ɗaurewa, sannan ka ɗaure da sifana, ba da hannu ba.

Gargaɗi: kada a naɗa farin tef ɗin famfo a tiredi. Na ruwa ne, a nan raba ƙarfe da ƙarfe yake yi. Inda ba a iya juya bututu aka yi dogon tiredi, dole a sa lokinot a bayan kofular a matse, in ba haka ba tana kwance ne kawai. Tiredin da ya rage a fili a shafa masa fenti mai zink bayan an gama ɗaurewa, ba kafin ba. A waje, ko wuri mai danshi kamar ɗakin famfo, bututun GI mai rufin zink ake sawa, baƙin nan mai fenti na cikin ɗaki ne.

Sadul, abin da ke riƙe bututu a bango, shi ma na da hannu a atin. Bututun 20 ko 25mm kada tazarar sadul ta wuce mita 1.75 a kwance, mita 2 a tsaye. Bututun da ke lilo yana kwance mahaɗansa a hankali.

5. Shigar da bututu cikin akwati

Nan ne aka fi ɓata aiki, don haka a bi shi a hankali.

Da farko duba hudar. Ta zama daidai da bututun, 20mm ga 20mm. In ta yi faɗi, kada a cike da manyan woshoshi a ce an gama, domin rufe huda kawai suke yi, ba sa ɗaukar wutar matsala yadda ya kamata. Ko a sa ridusa mai tiredi, wadda ke rage faɗin huda, ko a toshe wannan a huda sabuwa, ko a tsallake wurin da waya.

Na biyu, fenti. Akwatunan DB da fanel suna zuwa da fenti mai kauri wanda aka gasa, kuma wuta ba ta bi ta cikinsa. Kankare zagayen hudar da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, faɗin wosha da ɗan ƙari. Mutane da dama na jin nauyin kankare sabon fanel a gaban mai gida. A kankare, Malam, bayan an ɗaure sai a rufe abin da ya rage da fenti mai zink ko basilin.

Na uku, ɗauri. Hanya biyu ce. Ta farko, wadda ta fi ƙarfi kuma ba ta cin wuri a cikin akwati: kofula a kan bututu daga waje, wosha mai haƙora tsakanin kofula da jikin akwati, bush namiji ya shigo daga ciki ya kama kofular. Matse bush ɗin da sifanarsa. Masu dukansa da sukundireba da guduma suna fasa shi, ko su bar shi rabin ɗauri. Ta biyu: a bar tiredin bututu ya shigo akwati, lokinot ɗaya a waje, ɗaya a ciki, bush tamace a baki don kare waya. A wannan, lokinot biyun ne ke riƙe haɗin, bush ɗin ba ya maye gurbin ko ɗaya.

Kama bututun ka jijjiga. In ya motsa ko kaɗan, ba a gama ba.

Akwai kuskuren da ake yawan gani a rukunin shaguna: bututun ƙarfe ya zo, ya shiga akwatin roba, wani bututun ƙarfe ya fita ta ɗaya gefen. Na biyun ya zama maraya, ba shi da atin. Wuri irin wannan sai an sa zoben atin a kowane bush an haɗa su da waya, ko a canza akwatin zuwa na ƙarfe.

6. Wutsiyar atin a kowane akwatin soket

Akwatin ƙarfe na bango yana da ɗan wurin ɗaure waya a ƙasansa. Wayar atin ta layin ta shiga tashar atin ta soket, guntuwar waya kuma ta tashi daga nan zuwa jikin akwati, kaurinta daidai da ta layin. Kada a dogara da sukurori biyu na fuskar soket, musamman inda kunnen akwatin mai motsi ne, ko siminti ya cika shi. In akwatin bai zo da wurin ɗaurewa ba, huda shi, sa bolti da noti da log. Waya marar riga a sa mata rigar kore-da-rawaya, kuma wannan launin ba a amfani da shi a wani aiki daban, ko da wayar suwic ta ƙare.

Gargaɗi: kada a taɓa haɗa nutural da atin a bayan soket don mita ta nuna lafiya. Ranar da nutural ya tsinke a kan fol, jikin firij da injin wanki da duk wani ƙarfe da ke layin zai ɗauki wuta.

7. Bututu mai lanƙwasa, na roba, da tirankin

Bututun ƙarfe mai lanƙwasa, irin wanda ake kai wa injin famfo, na'urar sanyaya ɗaki ko janareto, ba a yarda ya zama hanyar atin ba, komai kaurinsa. A ja wayar atin ta cikinsa, a ɗaure ta a akwatin farko, a ɗaure ta a jikin injin. Na PVC kuwa ba ya buƙatar bayani, kowane layi da wayar atin ɗinsa.

Tirankin (dogon kwari mai murfi da wayoyi ke bi) da tiren kebul na ƙarfe: kowace mahaɗa a tsallake ta da ɗan falle na jan ƙarfe ko guntuwar waya mai log biyu, a kan ƙarfen da aka kankare. Ƙarshensa a kai shi bar ɗin atin na fanel, wato sandar da ake ɗaure duk wayoyin atin a kanta, da waya.

8. Gilan na kebul mai sulke

Kebul na SWA, wanda ke tafiya daga mitar wuta zuwa DB ko daga ɗakin janareto zuwa cenjoba, sulkensa dole ya samu atin ko da akwai wayar atin daban a cikinsa. Gilan BW na cikin ɗaki ne, CW na waje domin yana da robar hana ruwa. Lambarsa, 20S ko 20 ko 25, ta dace da kaurin kebul ɗin.

Fara zura rigar roba da notin baya kafin komai, in ka manta sai ka kwance duka. Zagaya sulken da zarto ka ɗan ci rabinsa, karya wayoyin a tsawo ɗaya, buɗe su kaɗan, tura mazugin gilan ƙarƙashinsu ta yadda kowace waya ta kwanta a kansa, babu wadda ta hau wata, babu wadda ta tsere. Ja notin baya ka matse da sifana biyu. Sa banjo, shigar da gilan a hudar da aka kankare, matse lokinot. Daga hudar banjo, bolti M6 na tagulla da log, waya ta tafi bar ɗin atin.

Gargaɗi: banjon da aka sa ba a haɗa masa waya ba, ba ya aikin komai a akwati mai fenti, kuma ana ganinsa haka birjik. A akwatin roba, a matse banjo tsakanin lokinot biyu, kada ƙarfin ɗaurin ya dogara da roba, domin tana saki da zafi. Kada kuma a sa kilam na fayif a kan sulke a maimakon gilan, yana murƙushe kebul.

9. Cikin fanel

Bar ɗin atin daban, na nutural daban. Waya ɗaya a rami ɗaya, a jere daidai da jerin bireka, don mai gyara na gaba ya gane wacce ce ta wane layi. Jikin fanel a haɗa shi da bar ta boltin atin da ya zo da shi. Ƙofar da ke ɗauke da fitilu ko mita ko suwic a haɗa ta da saƙaƙƙiyar waya, hinji ba hanyar atin ba ne. Log a matse shi da abin matsewa mai lambar da ta dace, ba da guduma ba. Inda alminiyon zai haɗu da jan ƙarfe, log mai ƙarfe biyu ake sawa, in ba haka ba danshi zai cinye wurin.

Duk wayoyin layi ɗaya, layif da nutural da atin, su shiga ta huda ɗaya. In aka raba manyan wayoyi kowacce da hudarta a farantin ƙarfe, farantin zai riƙa zafi. In dole ne a raba, a tsaga tsakanin hudojin, ko a sa farantin alminiyon ko na tagulla.

10. Haɗe sauran ƙarafan gini

Fayif ɗin ruwa na ƙarfe da ya fito daga ƙasa, fayif ɗin gas, ƙarfen ginin da ake iya taɓawa, duk a kai su babban bar ɗin atin. Wayar kada ta gaza rabin babbar wayar atin, kuma kada ta gaza 6mm². Da yawa 10mm² suke sawa su huta. Goge fayif ɗin, sa kilam na BS 951, a bar alamar nan ta gargaɗi da ke cewa kada a cire. A ɗaure kusa da inda fayif ya shigo gini, kafin ya yi rassa. In fayif ɗin roba ne tun daga ƙasa, ba ya buƙata.

Jikin janareto, jikin inbata, ragar batura da firam ɗin sola duk su koma wannan bar ɗin. Rodi biyu a gida ɗaya da ba a haɗa su ba na iya samun bambancin wuta a tsakaninsu lokacin tsawa. Inda za a haɗa nutural da atin a ɓangaren janareto ko inbata kuwa, wuri ɗaya ne tak, kuma ya danganta da irin cenjobar da littafin na'urar.

11. Rodi da raminsa

Zaɓi wuri mai riƙe danshi, nesa da inda fayif ko kebul ya bi. Rodin 16mm ana samunsa daga mita 1.2 zuwa 2.4, ana kuma ɗora wani kan wani da kofularsa. Sa kan duka kafin guduma, don kada tiredi ya baje. In ɗaya bai isa ba, ƙara na biyu a tazarar da ba ta gaza zurfin na farko ba, ninki biyu ya fi, a haɗa su. Rodi biyu a rami ɗaya ɓarnar kuɗi ce.

A Mpape, Asokoro da wasu sassan Maitama dutse na kusa, rodi sai ya tsaya ko ya lanƙwashe. Kada a yanke abin da ya rage a ce ya shiga. A haƙa dogon kwari mai zurfin aƙalla rabin mita a shimfiɗa fallen jan ƙarfe na 25 sau 3mm, ko a huda dutsen da inji a sa rodi a cike da bentonait, wani irin yumɓu mai riƙe danshi.

Wayar da ta tashi daga rodi zuwa bar, in an binne ta ba cikin bututu ba: 16mm² mai riga, ko 25mm² in tsirara ce. Ɗaure da kilam na rodi, shafa giris, rufe da akwatin dubawa mai murfi. Naɗa waya a jikin rodi da filaya ba haɗi ba ne, kuma mahaɗar da aka binne cikin kankare ba mai sake gwada ta.

Gishiri yana saukar da awo a ranar, shi ya sa ake sonsa. Amma yana cin rodi da kilam, damina kuma na wanke shi. Bentonait ya fi shi daɗewa.

12. Sa RCD, domin rodi kaɗai ba ya kayar da bireka

Yawancin gidajen da ke kan layin fol, layif da nutural kawai ake kawo musu, atin na mai gida ne. Yi lissafi: rodi mai tirjiyar om 20 (om shi ne ma'aunin tirjiya) a kan 230V zai bar amfiya 11.5 ne kawai ta wuce. Bireka B32 na buƙatar amfiya 160 kafin ta faɗi nan take, C32 kuwa 320. Ke nan layif zai iya kwanciya a jikin bututu bireka na tsaye. RCD ce ke ganin wannan yoyon. Layukan soket da na banɗaki a sa musu ta 30mA. In za a sa wata a mashigar DB, ta 100mA mai jinkiri ta fi, don matsalar layi ɗaya kada ta kashe gida duka. A lissafi, ta 30mA na aiki har rodi mai om 1,667, amma duk awon da ya wuce om 200 ba a ɗaukarsa tsayayye, sai a gyara ramin.

13. Gwaji, kafin a rufe bango da silin

Mitar gwajin haɗi ta zama mai iya tura aƙalla 200mA. Ƙarar da ƙaramar mita ke yi na yaudara, ko silin waya ɗaya ya taɓa za ta yi kuka. Haɗa bakunan mitar ka mayar da ita sifili, har da doguwar wayar da za ka ja. Kama ɗaya a babban bar, zagaya da ɗayan: kowane akwati, kowace soket, ƙarshen kowane bututu, ƙofar fanel, banjo, jikin inji.

Ka san abin da kake jira. Wayar 2.5mm² na da kusan om 0.0074 a kowace mita, don haka mita 20 za ta ba da wajen 0.15. In ka ga om 1 ko 2 a wannan tsawon, akwai mahaɗar da ta saki ko fenti ya shiga tsakani. Bi ta ɗaya bayan ɗaya, baki ɗaya kafin mahaɗa, ɗaya bayanta. Mahaɗa mai kyau da wayar da ta je fayif, om 0.05 ko ƙasa ake so a gani. Don gwada bututun shi kansa, a cire wutsiyar da ta haɗa shi da wayar atin tukuna, in ba haka ba wayar za ta rufa masa asiri.

Rodi ana gwada shi ne wuta a kashe, an raba shi da bar. Kafa ƙusoshin gwaji biyu na mitar, ta nesa a tazarar aƙalla ninki goma na tsawon rodin, ta tsakiya a kashi 62 cikin 100 na wannan tazarar, sannan a matsar da ta tsakiyar gaba da baya kaɗan a ga ko awon ya tsaya. Mayar da wayar rodi ka matse kafin a kunna wuta, wannan mantuwar tana da haɗari. RCD ta 30mA ta faɗi cikin milisakan 300 a awonta in an gwada da na'ura, a kuma nuna wa mai gida maɓallin gwajinta ya riƙa dannawa duk wata shida.

Rubuta duk awon da kwanan wata, a liƙa kwafi a bayan ƙofar DB. In aikin a damina aka yi shi, a dawo a sake auna rodin a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ƙasar Abuja ta fi bushewa, a kuma bi boltocin fanel da na janareto da sifana, domin girgiza na kwance su.